Shekarar da Na Shanya Ƙwarin Kwamfuta

Ku yaran da ke zaune bakin tasha kuna gyaran waya, maganarku ta iso mini. Wai tayar da kwamfuta ta igiya ba aiki ba ne, maɓalli guda ake dannawa. Gaskiyarku, yanzu haka ne, tun daga inda ake ƙera ta ake zuba mata wannan wayon. Mu da hannu muka riƙa zuba shi, ƙwaro bayan ƙwaro. Ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, ko sunana ban iya rubutawa, faɗa nake ana rubuta mini. In kun ga zancen ya yi tsalle, kuka ne ya tsayar da ni, don wanda ya koya mini sana'ar nan ya riga mu gidan gaskiya, kuma har yau ban saba ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutanen Matameye Mai Rediyo suke ce masa, ni kuwa Malam. Kamar sauran mazan unguwarmu, da an gama girbi sai ya ɗaure kaya ya tafi Kano cin rani. Wasu su dawo da keke, wasu da atamfa, shi kuma da buhun tarkace. Da fari rediyo ne, sannan talabijin, daga baya tsofaffin kwamfutocin da ƴan Kano suka gaji da su. Abin da ke fara mutuwa a cikin kwamfuta shi ne rumbunta, wanda suke kira diski, inda take ajiye duk abin da ta sani. Zafin garin nan da yawan ɗaukewar wuta ba sa barinsa ya tsufa. Wadda rumbunta ya mutu kuwa, ko ka kunna ta sai dai ta yi ta hura maka iska.

Dabarar da Malam ya koyo ita ce a sami guda mai lafiya, ita ce uwa. Sauran a ja musu igiya zuwa wurinta. Da an kunna ɗiya sai ta yi kira ta cikin igiyar: ga ni na farka, ban san ko ni wace ce ba. Uwa ta ba ta lamba, ta aiko mata abin da za ta tashi da shi. Gida guda, rumbu guda. Sai dai tsohuwar kwamfuta ba ta iya wannan kiran ba sai an koya mata. A jikin katin da igiya ke shiga akwai wani gurbi, nan ake dasa ƙwaro. Baƙin abu ne, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, ƙafafu jere hagu da dama, da ido guda na gilashi a gadon bayansa. A cikinsa ake rubuta kiran.

Rubutun aikin Malam ne. Yakan je Damagaram ya kwafo asalin karatun, ya dawo ya zauna yana gyara shi, don kowane kati da irin nasa, na wannan ba ya yi wa wancan. Sannan ya ɗora ƙwaro a kan wata ƴar na'ura ya zuba masa. In ya kuskure, ƙwaro ya riƙe kuskuren gam, kuma ba a rubutu a kan rubutu. Sai an wanke shi kamar allo, amma da haske, ta wannan idon. A Kano fitila gare su ta musamman. Malam ya sayo mana ɗaya, ta fashe a cikin buhu, ƙarƙashin wata mata da ta zauna a kai tun daga Daura. Daga ranar, rana ce fitilarmu.

Igiyar farko da na haɗa, a kan tabarmar tsakar gida na haɗa ta. A cikin kowace igiya akwai sirara takwas, kowace da launinta, kuma sai an jera su bi da bi kafin a cusa su a baki a matse. Malam yatsunsa kamar taɓare, idonsa kuma ya fara rauni. Ya ɓata baki uku a gabana, yana ɗora wa ƴan China laifi. Na ce ya miƙo. Ya ce, "Mariyama, wannan ba kitso ba ne." Na ce, "Kitso ya fi shi wuya, Malam, wannan ba ya motsa kai." Ya faɗa mini jerin launin, na jera, na matse. Ya gwada, ƴar wutar jikin kati ta kama. Sai ya ce sa'a ce. Sa'ar nan ba ta sake ni ba har ƙarshen rayuwarsa, don bai ƙara haɗa igiya da hannunsa ba.

Shanyar ƙwari ma a kaina ta faɗa. Da hantsi in jera su a faranti, ido sama, in hau kan soro in ajiye kusa da kuɓewa. Da azahar in hau in goge musu ido da ƙyalle, in juya farantin ya bi rana. Wani ya wanku a mako, wani mai taurin kai ya fi haka. Wanda ya wanku in ɗiga masa jan farce. Wanda Malam ya rubuta daidai sai a rufe masa ido da sikoc, ƴar leda mai ɗanko, don kada haske ya sake shafe shi. Kaji sun sha zubar mini da faranti. Shirwa ma ta taɓa surar guda, Malam ya ce a bar ta, kuskure ne a ciki, ita ta sani.

Aikin Alhaji Mamman ya zo mana a shekarar da damina ta yi gardama, rumbunan hatsi suka ƙare tun kafin bazara, soja kuma suka karɓi mulki a Yamai. Gyaran rediyo ya tsaya, wa zai gyara rediyo yara na kuka? Maza sun watse, har waɗanda suka daina tafiya sun sake ɗaure kaya. Malam ya fara zancen Legas, wai wani ɗan garin Dungu zai sama masa gadi. Mutumin da gemunsa ya yi fari, ga tari da ba ya barinsa da sanyin asuba. Na san in ya tafi ba lalle ya dawo da ƙafarsa ba.

Alhaji Mamman babban ɗan kasuwar hatsi ne. Ya karɓi tulin tsofaffin kwamfutoci a hannun wani abokin cinikinsa, yana son buɗe ɗakin koya wa ƴan lakwal kafin a ba su hutu. Ya zo zaurenmu da kansa.

Ya ce, "Mai Rediyo, an ce kana tayar da matattu."

Malam ya ce, "Allah ke tayarwa, Alhaji. Ni igiya nake ja musu."

"To ja. In sun tashi kafin hutu, hatsin gidanka a wuyana har kaka. In ba su tashi ba, motar da ta kawo su ta san hanyar Kano."

Malam ya shigo gida yana tafiya kamar saurayi. Katunan wani iri ne da bai taɓa gani ba, amma ya ce ya gane su, ƙanen wanda ya sani ne. Na ce ya rubuta ƙwaro guda ya gwada tukuna. Ya ce mai ɗanɗana miya tun tana kan wuta bai yarda da hannunsa ba. Ya rubuta duka ƙwarin da muka mallaka a zama guda. Muka je muka dasa, muka kunna uwa, muka kunna ƴaƴa. Ko ɗaya ba ta yi kira ba. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. A hanyar gida bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, amma na tabbata ya ji abin da ban faɗa ba.

Ya gano inda ya kuskure a ranar. Sai dai ba sauran ƙwaro mai tsabta ko guda, ga lokacin da ake jiran ruwa ya yi. Duk garin ido na sama ana neman hadari, ni ina kan soro ina neman rana. Ruwa ba ya yi wa ƙwari kyau, don haka da na ga gabas ta yi baƙi sai in bar abin da nake yi, in hau da gudu in kwaso faranti. Shekarar nan kuwa hadari ya riƙa yaudara. Ya haɗu har a fara shigar da awaki, sai iska ta taso ta watsa shi.

Maƙwabciyarmu Inna Delu, tsohuwa ce da katanga ba ta taɓa hana ta ganin komai ba. Abin da ta gani shi ne: hadari ya taso, Mariyama ta hau soro, hadari ya watse. Ta sake gani. Ta kuma ji Malam da kunnenta yana cewa, "Wannan gajimaren ya ɓata mana yini." Ta bincika ta ji wa muke yi wa aiki: mai hatsi jibge a sito, wanda kowace rana ba ruwa riba ce gare shi. Ko ni aka kawo wa wannan lissafin a kan wata, da na yarda.

Ranar da tsofaffin matan unguwa suka fita roƙon ruwa, sun sa rigunan maza da huluna kamar yadda aka gada, suna zagaya gari. Sai na ji waƙar ta tsaya a ƙofarmu. Na leƙo, ga Inna Delu a gaba cikin babbar rigar marigayi mijinta, hula ta rufe mata kunne.

Ta ce, "Mariyama, sauko mana da su."

Na ce, "Da me, Inna?"

"Idanun da kike kafa wa sama. Ke da na yi wa wankan jego, ke za ki ɗaure mana ruwa saboda Alhaji Mamman ya sayar da tiya da tsada?"

Na ce kayan kwamfuta ne. Ta ce ita ma ta ga kwamfuta a asibiti, ba ta da ƙafafu. Suka ɗauki farantin, wata ta kifa masa ƙwarya don kada ya kalle su, aka wuce da shi gidan mai unguwa. Tun daga ranar ba wadda ta amsa mini sallama a bakin famfo.

Zaman da aka yi a zauren mai unguwa, ni ina daga bakin ƙofa. Malam ya yi bayani tun daga uwa har ƴaƴa. Mai unguwa ya saurara da haƙuri, sannan ya ɗaga ƙwarya kaɗan ya leƙa.

Ya ce, "Mai Rediyo, ka ce akwai rubutu a ciki?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

"Rubutun da ido ba ya gani?"

"Haka ne."

"Kuma ana shanya shi yana kallon sama?"

"Don ya goge ne."

Inna Delu ta ce, "Kun ji ko? Da bakinsa. In wannan ba laya ba ce, a faɗa mini sunanta."

Wani dattijo ya ce a kai maganar wurin jandarma. Mai unguwa ya galla masa harara. Ya ce, "A wannan zamanin? Ka je ka ce wa soja a unguwarmu akwai na'ura mai kallon sama tana karɓar saƙo? Da mu da ƙwarin za a kwasa a mota guda." Ya juya wurin Malam ya rage murya. "Ni ban ce kun ɗaure ruwa ba, ban kuma ce ba ku ɗaure ba. Mutane na jin yunwa. Ga kayanku, amma kada idon nan ya ƙara ganin sama har sai an yi shuka."

Muka dawo da faranti a rufe. Hutun ƴan lakwal ya matso. Da la'asar na tarar da Malam ya fito da tsohuwar jakarsa ta tafiya yana ɗinke mata hannu. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ɗora ruwan da ba ni da abin zubawa a ciki.

Walda ce ta cece mu. Malam na zaune yana ɗinkin jaka sai ya tsaya da allura a hannu, ya ce wani ya taɓa gaya masa a Kano cewa hasken walda ɗan'uwan na fitilar nan ne, shi ya sa yake ƙona ido. Muka tafi wurin Habu mai walda a bakin kasuwa. Muka same shi kwance a kan benci, don rabonsa da aiki tun sanyi.

Ya ce, "Baba Mai Rediyo, in gane. Ba abin da zan liƙa muku, haske kawai za ku saya?"

Malam ya ce, "Haske kawai. In hatsi ya fito, da rabonka."

"To ai walda ba ta ci a iska, Baba. Sai da ƙarfe."

Alhaji Mamman ya ba da man injin walda, yana cewa bai taɓa jin inda ake gyaran kwamfuta a maƙera ba. Habu ya fara da wani gadon ƙarfe, ya yanke ƙafa ya liƙe, ya sake yankewa ya liƙe, har gadon ya gajarce. Ni kuma na jingina faranti a tsaye, nesa da tartsatsi kaɗan, ido na fuskantar wuta, rumfar kwano a samanmu yadda ba mai cewa sun ga sama. Da ƙarfe ya ƙare, Habu ya aika unguwa cewa duk mai abin da ya karye ya kawo, kyauta ne. Kafin azahar layi ya kai bakin titi: murhu, bokiti, galma, ƙafar amalanke. Matan da suka daina amsa mini sallama suka zo suna gaishe ni da aiki. Inna Delu ta kawo ƙofar ɗakinta a ka. Ta tsaya ta bayan farantin, ta inda ba ido, ta ce, "Ni ba wurinki na zo ba, wurin Habu na zo."

An ce kada in kalli wutar, na kuwa kalla, don ina tsoron tartsatsi ya faɗa wa ƙwari. Washegari na tashi kamar an zuba mini yashi a ido, hawaye na zuba ba na baƙin ciki ba. Haka na koma da ƙyalle a fuska. Malam na ɗauka ɗaya ɗaya yana gwadawa a na'urarsa. Wasu wutar ta kashe su sam, amma mafi yawa sun fito fes. Wannan karon guda ya rubuta ya gwada tukuna. Ban ce komai ba. Shi ne ya ce, "Na ji, Mariyama."

Ranar tayarwa, Alhaji Mamman ya zo da carbinsa ya tsaya a bakin ƙofa. Aka kunna uwa, aka jira ta gama shiryawa, don ɗiyar da ta riga uwa tashi kira za ta yi ta yi ba mai amsawa. Sannan na bi layi ina dannawa. Ban iya karanta abin da ke fitowa ba, amma na san alamarsa: wasu ɗigo-ɗigo ne farare. In sun tsaya wuri guda, ba labari. In sun fara tafiya kamar jerin tururuwa, uwa ta amsa. Na farko suka tafi. Na biyu suka tafi. Malam na bayana, ina jin numfashinsa. Da ta ƙarshe ta buɗe, Alhaji ya zagaya bayanta ya leƙa, ya ce, "Wannan ba komai a cikinta fa?" Malam ya ce, "Ba komai, Alhaji, a gidan uwarta take ci." Alhaji ya ce, "Kamar surukina ke nan." Kafin magariba amalanken hatsi ya tsaya a ƙofarmu. Na auna wa Habu nasa, na aika wa maƙwabta abin da ya samu. Malam ya mayar da jaka ƙarƙashin gado.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka. Ba sai na gaya muku abin da unguwa ta ce ba: an rufe idanu, sama ta saki. Malam ya so ya yi gardama, na ce ya bari, mai hatsi a ɗaki ba ya neman a ba shi gaskiya. Sai dai ruwan da ya zo bai san ya isa ba. Ya yi ta zuba har katangu suka fara zaunawa. Wata safiya muna zaure sai ga Inna Delu, jiƙe sharkaf, buhu a ka. Ta gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi tarin Malam.

Can ta ce, "Mai Rediyo, bangon ɗakina ya tsage. Ko za ku ɗan fito da su? Ba da yawa ba. Kwana biyu kawai, ƙasa ta sha iska."

Malam ya ce, "Inna, wallahi ba sa riƙe ruwa."

Ta ce, "Na sani, na sani, haka za ka ce. Ba zan gaya wa kowa ba."

Da ta ƙi tashi, ya shiga ya ɗauko guda cikin waɗanda walda ta kashe ya ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta je ta ɗora a kan katangarta. Ruwa ya kwana yana zuba. Da gari ya waye ta dawo ta ajiye masa shi a gaba, ta ce, "Tsakani da Allah, Mai Rediyo, duk zaman da muka yi, makaho za ka ba ni?"

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ina bubbuga masa baya yana ƙara wata. Da rana ta ɗan fito ya ɗauki cebur ya je ya tare mata bangon da kansa. Bai je Legas ba, shekarar nan ko wata bayanta. A ɗakinsa ya cika, kansa a kan cinyata, ba a bakin ƙofar wani ba. Allah ya kai haske kabarinsa. Ku kuma ku ci gaba da danna maɓallinku, Allah ya yi wa sana'arku albarka.